Daga Ngaski Zuwa Birmingham: Shekara Nawa Digirin Digirgir Ke Ci?

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Tafki ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da dama na ƙasar Yawuri, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. A shekarar nan ce kuma wani ɗan Ngaski, Mahdi Adamu, ya kammala kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a kan yadda mulkin Yawuri ya raunana a ƙarni na 19.

Digirin digirgir bai zo hannunsa ba sai 1974, daga Jami'ar Birmingham ta Ingila. Littafin da ya fito daga kundin, The Hausa Factor in West African History, bai ga hasken rana ba sai 1978. Wato shekara shida tsakanin digirorin biyu, shekara goma daga kundin Yawuri zuwa littafi. A ƙa'ida, shekara uku jami'o'in Ingila kan ɗibar wa ɗalibi, amma ƙa'ida rajista take lissafawa, ba lokacin da tambaya ke ɗauka kafin ta nuna ba.

Tambayar kuwa babba ce. Yawuri tana kan hanyar fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su dangana da Gwanja. Mai son sanin tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma dole ya bi sawunsu har Salaga, ya gwama takardu da abin da dattawa suka riƙe a ka.

Ɗalibin yau matsinsa daban ne: tallafi na ƙarewa, ƙarin girma na jiran takardar shaida, iyali na tambaya, ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas.

Sai dai tarihin Yawuri ya nuna inda gaggawa ta wajaba. Dattijo ba ya jiran mai bincike, kufan da ruwa ya rufe kuma ba a komawa a auna shi. A wajen tattara bayani, jinkiri asara ce. A wajen tace shi da yanke hukunci kuwa, sauri kan haifi nawa.

Mahdi Adamu ya zama shugaban Jami'ar Sakkwato a 1982. Har yau masu nazarin tarihin Hausa na komawa ga littafinsa, ba sa tambayar shekara nawa ya ci.