Hasashen Masu Kallo Kan Tsirar Sherlock

Hasashen tsirar Sherlock muhawara ce da ta ɗauki kusan shekara biyu, daga 2012 zuwa 2014, tsakanin masu bibiyar shirin Sherlock na gidan talabijin na BBC, kan yadda jarumin mai binciken laifuka ya faɗo daga saman bene bai mutu ba.

Tushen abin yana cikin labaran Arthur Conan Doyle. A Disambar 1893 marubucin ya kashe Sherlock Holmes a magangarar ruwa ta Reichenbach da ke Suwizalan, suna kokawa da abokin gabarsa Moriarty. Masu karatu suka yi ca, har a 1903 marubucin ya dawo da shi, ya ce Moriarty ne kaɗai ya faɗa.

Steven Moffat da Mark Gatiss suka maido da labarin zuwa Landan ta wannan zamani a 2010, Benedict Cumberbatch ya fito a Sherlock. A shirin 15 ga Janairun 2012, Moriarty ya harbe kansa a rufin asibitin St Bartholomew, Sherlock kuma ya yi tsalle don ceton abokansa uku da 'yan bindiga suka saita. Abokinsa John Watson ya taɓa hannunsa, bai ji bugun jini ba. A ƙarshen shirin aka nuno shi a maƙabarta, da ransa.

Nan masu kallo suka shiga bin hoton daki-daki. Wasu suka ce ƙwallon roba da aka gan shi yana wasa da shi ya danna a hammata don tsayar da bugun jini. Wasu suka kama mai keken da ya buge John, wasu motar da ke tsaye a ƙasa, wasu kuma Molly Hooper, mai aikin ɗakin gawa, wadda za ta iya samo wata gawar.

Amsa ta zo a shirin ranar 1 ga Janairun 2014. Gatiss ya kawo bayani uku: biyu na tsokanar masu hasashen ne, na uku ya haɗa katifar iska, gawar mai kama da Sherlock, ƙwallon roba da hannun yayansa Mycroft. Wani mai suna Anderson, wanda aka ba wa bayani na uku a cikin shirin, bai gamsu ba, kuma shirin bai taɓa tabbatar da wanne ne gaskiya ba.