Madugu da Ayari: Su Wa Suka Riƙe Hanyar Gwanja?

Duk shekara idan bikin zagayowar kafa ƙungiya ya zo, mukan jera sunayen manya a jawabi, kuma sun cancanta. A bana muna so mu duba su wa ke bayan waɗannan sunaye.

Tun kafin Bature ya ja layi a taswira, fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga, kasuwar ƙasar Gwanja. Su kawo kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi, su koma da goron Asante. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara a wannan fatauci. A 1826 Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Borgu, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan adadinsu. Madugu ɗaya ne a ayari. Sauran akwai jagaba mai duba hanya, da uban dawaki, da malamin ayari, da masu kora jakai, da matan da ke dafa tuwo a kowane zango bayan sun wuni da kaya a ka. Akwai kuma masu kwance huhun goro lokaci-lokaci su tsince ruɓaɓɓe, su yayyafa ruwa, su sake ganye. Wanda ya taɓa asarar goro ya san cewa ribar tafiyar duka a hannun waɗannan take. Kada kuma mu ɓoye: da yawa cikin masu dakon bayi ne, kuma Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro.

A 1874 sojan Ingila ya shiga Kumasi, ƙarfin Asante a arewa ya yi rauni, goro ya rage zuwa Salaga. A 1892 yaƙin basasa ya ƙarasa garin. Littattafai sukan ba da labarin janar-janar da sarakuna a nan. Amma ba wani sarki da ya ba fatake umarnin inda za su nufa. Kowa ya ɗaure kayansa, wasu Kintampo, wasu Kete Krachi, daga baya Kumasi da Accra. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, shi ne sunan da ya rage mana daga wannan ƙaura, domin ya yi rubutu. Mai gidan da ya sauke baƙi, da dillalin da ya tsaya wa baƙo a kan bashi ba takarda, su ne suka mai da fili ya zama zango, sai dai ba su bar ko layi ɗaya ba.

Haka labarin Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955, ana lissafa shi mafi dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Basirarsa ba abin musu ba ce: yana cikin na farko da suka gane cewa jirgin ruwa daga gaɓar Gold Coast zuwa Ikko ya fi jaki sauri, kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano ya rungumi cinikin gyada. Mutum ɗaya mai hangen nesa na iya juya akalar kasuwa, wannan gaskiya ne. To amma mahaifiyarsa, Amarya, 'yar kasuwa ce da ta riga shi zama a Accra, kuma hanyar da ya bi ya tarar da ita a share, da masauki da amana a kowane gari. Sunansa ya kai ga Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Sunan wanda ya ɗauki huhunsa na farko zuwa bakin jirgi fa?

Inda manya suka fi nuna ƙarfinsu a tarihinmu, sau da yawa wajen rufe ƙofa ne. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran Zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Ladan, saboda siyasa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Dattawanmu har yau suna tuna gidaje da rumfunan da aka sayar a wulaƙance, da waɗanda aka haifa a nan aka ce su koma garin da ba su taɓa gani ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin nata, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka fito daga Najeriya. A Agustan 2019 aka sake rufe iyakokin Najeriya na ƙasa har Disambar 2020. Sa hannu ɗaya ya isa ya yi duk wannan ɓarna. Gyaran kuwa, maƙwabta ne suka yi shi: wanda ya riƙe wa ɗan'uwa shago har ya dawo, da matar da ta raini 'ya'yan wata, da direban da ya ɗauki kaya bashi.

Ko ECOWAS da Janar Gowon da Eyadéma suka yi wa fafutuka har aka kafa ta a Ikko a 1975, da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, mun gode musu, ta sauƙaƙa mana abubuwa da dama. Sai dai duk wanda ya rako motar albasa daga Galmi zuwa Kumasi ya san cewa takardar ba ta magana a shingen hanya. Direba da yaron mota da wakilin ƙungiya a kan iyaka ne ke magana, tsakar dare, albasa na zufa a cikin buhu.

Saboda haka ofishinmu na Sofoline ya buɗe littafi. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya ya kawo sunan wanda ya fara sa shi a hanya, ko mai gida ne, ko dillali, ko ɗan dako, ko uwar da ta ba shi jari, da garinsu da irin kayan da suka yi ciniki. Wanda ba ya rubutu ya zo ya faɗa da baki, za mu rubuta. A fara da tsofaffin da suka ga 1969, don yawansu na raguwa kowace shekara. Allah Ya jiƙan magabatanmu.