Ambato da Tasiri a Tarihin Binciken Ciwon Ƙoda: Nazari a kan Aikin Dokta Henry Gault

1.0 Gabatarwa

A jami'o'i da kwalejoji a yau, idan aka tashi auna malami ko likita mai bincike, abu biyu akan fara dubawa: yawan maƙalun da ya buga, da kuma yawan lokutan da sauran manazarta suka ambaci waɗannan maƙalu a cikin nasu rubuce-rubucen. Da wannan ma'auni ake yin ƙarin girma, da shi kuma ake raba kuɗin bincike. Maƙasudin wannan takarda shi ne a gwada wannan ma'auni da tarihi, ta hanyar bin sawun aikin wani likitan ƙoda ɗan ƙasar Kanada, Dokta Henry Gault. Za a nuna cewa yawan ambato yana bayyana yadda ake amfani da aiki yau da kullum, amma bai isa shi kaɗai ya nuna zurfin aikin ko ingancinsa ba.

2.0 Tushen ilmin ciwon ƙoda

Kafin a zo kan Gault, ya kamata a waiwayi inda ilmin ya faro. A shekarar 1827 Dokta Richard Bright na Asibitin Guy da ke Landan ya buga littafin rahotanninsa na marasa lafiya, inda ya haɗa abubuwa uku waɗanda a da ake kallonsu a rarrabe. Na farko shi ne kumburin jiki. Na biyu shi ne fitsarin da ke daskarewa idan an ɗumama shi a cokali bisa kyandir, saboda sinadarin albumin, wato irin wanda ke cikin farin ƙwai. Na uku kuwa shi ne lalacewar ƙoda da ake tararwa bayan mutuwa idan an binciki gawa. A 1836 ya sake fitar da bayanin mutum 100 masu irin wannan fitsari, ya kuma lura cewa zuciyar da dama daga cikinsu ta yi kauri. Daga nan aka riƙa kiran cutar da sunansa har fiye da shekara ɗari.

Bright ya nuna yadda za a gane ƙoda ta kamu. Abin da ya rage wa na bayansa shi ne yadda za a auna ƙarfin da ya saura mata. A 1926 wani masani ɗan Denmak, Poul Rehberg, ya yi amfani da kiriyatinin, wani sinadari da tsoka ke fitarwa ƙoda kuma ta tace shi daga jini, don auna aikin tacewa. Sai dai hanyar da asibitoci suka gada daga wannan tana da wahala, domin dole majiyyaci ya tara dukkan fitsarinsa na awa 24, kuma ko kaɗan ya zube, lissafi ya ɓaci.

3.0 Maƙalar 1976

A farkon shekarun 1970 Gault yana aiki a asibitin 'yan mazan jiya na Queen Mary da ke birnin Montreal. A ƙarƙashinsa akwai wani matashin likita mai neman ƙwarewa, Donald Cockcroft. Su biyun suka bi bayanan majiyyata 249, masu shekaru daga 18 zuwa 92, suka ga cewa kiriyatinin ɗin da jiki ke fitarwa yana raguwa daidai da yadda shekaru ke ƙaruwa. Daga nan suka fitar da wata ƙa'idar lissafi mai sauƙi, suka buga ta a mujallar Nephron a 1976, a cikin shafi goma sha ɗaya kacal.

Ga yadda ƙa'idar take. A cire shekarun majiyyaci daga 140, a ninka abin da ya rage da nauyinsa a kilo, sa'an nan a raba da 72 wanda aka ninka da adadin kiriyatinin na jini. Alal misali, namiji mai shekara 60, mai nauyin kilo 72, wanda kiriyatinin ɗinsa yake miligiram 1 a kowace desilita, ƙodarsa tana tace kimanin mililita 80 a minti ɗaya. Idan mace ce sai a rage kashi 15 cikin 100, a sami 68. Wato ke nan, da gwajin jini guda da ma'aunin nauyi da fensir, likita zai yi abin da a da sai an kwana an wuni ana tara fitsari.

Muhimmancin wannan ya fi fitowa wajen ba da magani. Magunguna da yawa ta ƙoda suke fita daga jiki, kuma idan ƙoda ta yi rauni aka ba da cikakken awo, sai maganin ya taru ya zama guba. Saboda haka a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya wannan ƙa'ida cikin jagorar da ta ba kamfanonin magani, domin gwada sababbin magunguna a kan masu raunin ƙoda.

4.0 Abin da ƙidayar ambato ta nuna

Ƙidayar ambato ba tsohuwar al'ada ba ce. Eugene Garfield ne ya kawo shawararta a 1955, ya kuma fara fitar da kundinsa, Science Citation Index, a 1964. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙara wani ma'auni da ake kira da harafin h, wanda ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu a lamba ɗaya. Idan aka auna maƙalar 1976 da wannan sikeli, za a tarar an ambace ta fiye da sau dubu goma, abin da ya sanya ta cikin maƙalun da aka fi ambata a fannin ƙoda gaba ɗaya.

Amma fa dalilin wannan yawa shi ne abin lura. Duk mai binciken da ya auna ƙodar majiyyatansa da wannan ƙa'ida, ko a kan ciwon daji yake aiki ko a kan ciwon zuciya, wajibi ne ya faɗi inda ya samo ta. Haka abin yake a sauran fannoni. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951, wadda ta bayyana hanyar auna furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000. Bilhasali, maƙalar da ta ba da kayan aiki ta fi samun ambato a kan wadda ta kawo sabuwar fahimta.

5.0 Abin da ƙidayar ba ta gani

Akwai abubuwa uku da lambobi suka ɓoye a wannan tarihi.

Na farko ya shafi Gault kansa. Shi da abokan aikinsa sun buga bincike a 1968 a kan yadda yawan shan magungunan kashe zafi ke lalata ƙoda, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana koyarwa da duba marasa lafiya a Jami'ar Memorial da ke Newfoundland. Duk wannan bai sami ambaton da maƙalar 1976 ta samu ba. Cockcroft kuwa bai ma zauna a fannin ƙoda ba. Ya koma likitan huhu a Jami'ar Saskatchewan, inda ya yi fice a binciken asma. Wanda ya dogara da lambobi kaɗai zai iya ɗaukarsa likitan ƙoda.

Na biyu ya shafi Bright. Babu likitan da zai gwada fitsari don neman albumin a yau ya ga wajibcin ambaton littafin 1827. Masanin zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin wannan hali, cewa idan ilmi ya karɓu ƙwarai, sai ya narke cikin sanin kowa, sunan mai shi ya ɓace. Har sunan cutar ma ya gushe, bayan da aka fara ɗebo ɗan tsokar ƙoda da allura ana dubawa, musamman daga 1951, aka gane cewa cututtuka ne iri-iri aka tara a ƙarƙashin suna ɗaya.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne yawan ambato ba ya gyara rauni. Majiyyatan da aka gina ƙa'idar 1976 a kansu maza ne, ragin da ake yi wa mata kuwa kintace ne. Tana kuma ƙara gishiri ga ƙarfin ƙodar mai ƙiba, tun da nauyi na cikin lissafin. Andrew Levey da abokan aikinsa a Amurka sun fitar da sababbin ƙa'idoji a 1999 da 2009, waɗanda su ma aka ambata sau dubbai. Amma a cikinsu an sa a riƙa ƙara wa baƙar fata wani kaso, kimanin 18 cikin 100 a ta farko, kimanin 16 a ta biyu. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu a 2008 da Ghana a 2010 ya nuna wannan ƙari bai dace da mutanen can ba. Illarsa ita ce majiyyaci ya bayyana da lafiyar da ba shi da ita, a makara wajen kula da shi. Sai a 2021 aka fitar da ƙa'idar da ta cire launin fata. Shekara 22 ke nan ambato yana hauhawa alhali gyara na jira.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa darajar maƙalar Cockcroft da Gault ta tabbata ne a bakin gadon majiyyaci, inda ta sauƙaƙa awon magani ga likitan da ba shi da manyan na'urori. Ambato ya biyo baya ne a matsayin shaida. Saboda haka shawarar wannan takarda ga kwamitocin da ke auna malamai ita ce, su riƙi ƙidayar ambato a matsayin mafarin tambaya. Bayan an ƙirga, sai a karanta aikin, a tambayi wace matsala ya warware, a kan waɗanne mutane aka gwada shi, kuma wa ya amfana. Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.