An Rubuta Tun a Gwanja

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka fara tura ni rumfar kakana a kasuwar goro a Kano. Aikina bai wuce biyu ba: in yayyafa wa huhu ruwa, in kuma zauna in tsince goron da sankara ta kama kafin ya shafi na kusa da shi. Wata ranar Laraba mota ta iso daga Shagamu, aka sauke wa tsohon huhuna masu yawa a bakin rumfa. Wanda ya rako kayan ya durƙusa ya gaishe shi, ya sha fura, ya yi sallama ya tafi. Ban ga an ƙirga ko sisi ba, ban ga takarda ba. Abin ya tsaya mini a rai, na ce, "Alhaji, ba ku rubuta ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, an rubuta tun a Gwanja."

Shi kansa bai taɓa taka Gwanja ba. Mahaifinsa ne ya yi wannan tafiya da ƙafa, yana saurayi, a bayan jakuna. Na daɗe kafin in gane cewa tsohon yana nufin wani tsari ne da fatake suka gina tun kafin a haife shi, wanda ya sa mutum zai iya sakin dukiyarsa a hannun wani, ya yi tafiyar wata uku, ya kwana da kwanciyar rai. A kan wannan tsari nake son yin magana, domin na yi imani shi ne ainihin jarin fataken Hausa, fiye da wuri da azurfar da suka tara.

Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, sai dai ana samun ɗan kaɗan a Laɓoji ta ƙasar Nupe. Wanda aka fi ci a ƙarni na 19 daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a ƙasar Gana ta yau, a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Daga Kano zuwa can, ayari kan bi ta yamma, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Jugu ko Sansanin Mango, ya faɗa Yandi, sannan Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Suna tafiya da kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin rini, da jar fata, da gabu, da dabbobi. Akwai kuma bayi a cikin hajar, wannan gaskiya ce mai ɗaci da bai kamata a ɓoye ta ba. Su dawo da goro, kayan da ba ya son rana, ba ya son ƙishi, ba ya son a manta da shi ko na kwana uku.

To, ka ga matsalar da ke gabansu: hanya mai nisa, ƙasashen sarakuna daban-daban kowa da kuɗin fitonsa, mahara a dajin Bargu, ga haja mai lalacewa. Falke ɗaya, komai dukiyarsa, ba zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa suka yi ayari. Wani Bature mai suna Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, yana dawowa daga Gwanja, ya kiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata.

Taron mutum dubu a daji, in babu tsari, abincin mahara ne. Ayari kuwa gari ne mai tafiya, kowa da muƙaminsa. Madugu shi ne shugaba. Shi ke sa ranar tashi, shi ke zaɓen hanya, shi ke zama da sarkin kowane gari a daidaita abin da za a biya, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da mashaya da wurin da za a ya da zango. Uban dawaki shi ke bi yana karɓar kason kowane falke gwargwadon yawan kayansa, a haɗa a biya fito da gaisuwa. Malamin ayari yana riƙe da lissafi da wasiƙu, yana jan salla, yana yi wa tafiya addu'a. Akwai mai ganga, wanda da kiɗansa ake sanin lokacin ɗaura kaya da lokacin saukewa.

Abin da ya fi burge ni a wannan shiri shi ne madugu ba shi ne mai kayan ba. Kowane falke da jarinsa, da jakunansa, da yaransa, ribarsa tasa ce, faɗuwarsa tasa ce. Abin da suka haɗa kawai shi ne abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba: tsaro, da sanin hanya, da bakin magana a gaban sarki. Sarkin da zai tatse falke ɗaya son ransa, dole ya sassauta wa madugu, don ya san in ya matsa, baɗi ayarin zai sauya hanya, garinsa ya rasa cinikin mutum dubu. Shi ma madugu ba a gadon sarauta yake zaune ba. In ya jefa mutane cikin asara sau ɗaya, sau biyu, shekara mai zuwa za su bi wani. Sunansa shi ne hajarsa.

Ba kowa ne ya riƙe wannan fatauci ba. Gidaje uku suka fi shahara da shi: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ke komawa ƙasar Buzaye, da Kambarin Barebari masu tushe a Barno, waɗanda suka yi cibiya a Gummi. Suna auratayya a tsakaninsu, suna ba juna bashi, suna koya wa 'ya'yansu hanya tun suna ƙanana. Wanda ya ci amanar ɗan'uwa a Salaga, labarin zai riga shi isa Bebeji, kuma ba kuɗi kaɗai zai rasa ba, har auren 'yarsa sai abin ya shafa.

Bayan ayari, ƙafa ta biyu ta tsarin tana zango. A kowane babban masauƙi akwai maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. Mafi girman aikinsa shi ne lamuni. Baƙo bai san mai saye ba, mai saye bai san baƙo ba, amma dukansu sun san maigida. In aka sayar bashi mai saye ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Ladansa la'ada, jarinsa mutunci. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar wannan tsari na nan daram a cinikin shanu da goro: masu gida ƙalilan ne ke tsaya wa fataken Arewa a kan shanun da mahauta Yarabawa ke ɗauka bashi, kuma su suka san wane mahauci ne ke biya, wane ne ba ya biya. Wannan sani, wanda ba a saye a kasuwa, shi ya hana wasu ƙwace cinikin daga hannunsu.

Sai dai kiɗa ya zo ya canza. A 1874 Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi, Salaga ta fita daga hannun Kumasi, goro ya fara bin wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akara. Jirgin ruwa kuma yana ta zirga-zirga a bakin teku. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 jirgin ƙasa ya fara jigila. Tafiyar da jaki ke yi a watanni, ta koma ta kwanaki. Madugun da duk iliminsa bai wuce mashaya da hanyar Bargu ba, sai ya wayi gari babu mai neman iliminsa.

A nan ne labarin Alhassan Ɗantata ya zama darasi. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mahaifinsa madugu ne. Ya san Gwanja, ya san Akara inda mahaifiyarsa ta zauna tana kasuwanci. A farkon ƙarni na 20 yana cikin waɗanda ke ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga nan a yo Arewa da shi. Ya saki hanyar iyayensa, amma bai saki tsarinsu ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, auduga Turawa suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila. Ba haka ta kasance ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja, manomi kuma ya ga gyaɗa ta fi masa: ana shuka ta tare da hatsi, in kasuwa ta faɗi a ci ta a gida. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli a bakin tasha, amma ba su san ƙauye ba, ƙauye bai san su ba. Waɗanda suka san ƙauye su ne tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya Ɗantata ya shige gaba. Suka karɓi kuɗi a hannun kamfani, suka raba wa yaransu, yaran suka shiga karkara da gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami, suna jawo manoma. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba a 1912. A 1913 ta haura tan 19,000.

Duba da kyau, za ka ga ayari ne aka kwantar a ƙasa. Maigida yana Kano, manyan yaransa suna garuruwa, su ma da nasu yaran a ƙauyuka. Kowa an ba shi jari da 'yancin yin ciniki da hankalinsa, kowa kuma ya san ranar da zai zo ya yi lissafi. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari, a yi masa aure, wata rana a sallame shi ya tsaya da ƙafarsa, ya zama abokin ciniki. Baturen kamfani yana biyan akawu albashi, akawu ya tashi in lokaci ya yi. Yaron maigida kuwa yana kwana a bakin sikeli, domin a cikin ribar yake hango nasa gidan. Da aka buɗe reshen bankin Bank of British West Africa a Kano a 1929, an ruwaito cewa Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Dalar gyaɗar da ta zama tambarin Kano, buhuna dubbai da aka jera suna jiran jirgi, a kan wannan tsari ta tsaya.

Amma tsarin yana da rauni, kuma a gidanmu na gan shi. Komai a jikin mutum ɗaya yake rataye. Lissafi yana kansa, lamuni da sunansa ake yi, yara fuskarsa suke jin kunya. Da kakana ya rasu, aka raba gado yadda Allah ya yi umarni, kowa ya ɗauki rabonsa ya kama gabansa. Babu wanda ya yi zalunci. Sai dai jarin da ke iya sauke mota guda, da ya kasu goma sha ɗaya, babu kason da ke iya sauke rabin mota. Bashin da yake bin mutane, da yawa ya bi shi kabari, don babu wanda ya san adadinsa. Mutanen Shagamu suka zo ta'aziyya, suka yi kuka da gaske, suka koma da kayansu rumfar wani. Shekara uku ba ta cika ba aka sayar da rumfarmu.

Ɗantata ya hango wannan rami. Kafin rasuwarsa a 1955 an ruwaito ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su zauna tare, kada su wargaza kasuwancin. Kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya ci gaba, Ahmadu ya riƙe, bayansa Aminu. Gyaɗa ta durƙushe a shekarun 1970 saboda fari da cutar shuka da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, amma gidan bai durƙushe da ita ba, don ya riga ya shiga gine-gine da sufuri da sauran harkoki. Aliko Ɗangote jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa. Rabon gado bai hana magada haɗa rabonsu wuri ɗaya ba, kowa ya san kasonsa, a naɗa wanda zai ja ragama, a rubuta. Fatake sun yi haka a daji da dukiyar mutum dubu. Abin da ya gagare mu shi ne yin sa a cikin gida ɗaya, tsakanin 'yan uwa na jini.

Yau in na shiga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, ina ganin jikokin wannan tsari. Har yanzu ana ba da kaya a kan magana, har yanzu yaro na yi wa maigida hidima shekaru kafin a sallame shi. Ina jin daɗin ganin haka, kuma ina jin tsoro. Nakan tambayi abokaina masu shaguna: in yau ka kwanta ciwo, wa ya san abin da kake bi da abin da ake bin ka? Da yawa sai su yi shiru. Ayari yana da madugu, amma yana da malami mai alƙalami, yana da jagaba wanda ya san hanya ko da madugu ya faɗi. Mu mun riƙe madugu, mun sallami sauran.

Tsohon ya yi gaskiya, an rubuta tun a Gwanja. Amma a zukatan mutane aka rubuta, kuma mutanen suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ƙanena ya buɗe shagon hatsi a bara. Ranar da na je yi masa murna, na kai masa goro ƙwarya guda da babban littafin lissafi. Na ce ya riƙe maganarsa yadda kakanninsa suka riƙe tasu, ya kuma nuna wa wani inda yake ajiye littafin.