Farfaɗiyar Da Likita Ke Nema Da Gangan

A Guéné na tashi, kusa da Malanville, inda ƙwayar barci ba ta fi ƙarfin mai sayenta a bakin kasuwa ba. Da ciwon damuwa ya kwantar da gwaggona, har ta daina ci da magana, muka kai ta wani asibitin ƙwaƙwalwa mai nisa. Likita ya ce za a yi mata maganin lantarki, sannan ya tambaye ni, "Malam, wace ƙwaya Hajiya ke sha da dare?" Na ce Valium. Ya ajiye biro. Sai daga baya na gane dalili, da na bi tarihin maganin.

A 1934, wani likita a Budapest, Ladislas Meduna, ya fara yi wa masu taɓin hankali allurar kafur don su yi farfaɗiya, domin yana ganin farfaɗiya na korar ciwon. A 1938 Ugo Cerletti da Lucio Bini suka yi hakan da lantarki a Roma. Nan ba da jimawa ba aka ga ya fi amfanar masu tsananin damuwa. Ashe farfaɗiyar da ƙwaƙwalwa ke yi ta 'yan daƙiƙoƙi ita ce tushen maganin.

Da farko jijjigar na karya ƙashi. Wajen 1952 aka shigo da succinylcholine mai sassauta tsoka, aka haɗa da allurar barci, jiki ya huta, ƙwaƙwalwa ta yi aikinta.

To amma akwai wani tarihin da ke tafiya kishiyar wannan. Tun 1912 Alfred Hauptmann ya gano phenobarbital na hana farfaɗiya. Shi ne Gardénal da masu farfaɗiya ke sha a wajenmu. Valium ya fito a 1963. Sai carbamazepine da valproate, waɗanda ake ba masu farfaɗiya da masu ciwon sauyin yanayin rai. Duk suna kwantar da ƙwaƙwalwa. Idan suna cikin jini, lantarkin da aka saba bayarwa kan kasa tada farfaɗiya, ko ya tada gajera marar amfani. In aka ƙara ƙarfinsa kuma, mantuwa da ruɗewa na iya ƙaruwa.

Shi ya sa likitoci kan rage ƙwayar sannu a hankali, ko su tsallake ta daren jajibiri, ko su ba da flumazenil ya warware Valium na ɗan lokaci. Mai farfaɗiya ta asali kuwa galibi ba a raba shi da maganinsa. Yankewa farat ɗaya haɗari ne, don haka wannan hukuncin likita ne.

Gwaggo ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Abin da ke tsorata ni har yau shi ne, saura kaɗan kunya ta sa in ce ba ta shan komai.