Yadda magani ya fito daga likita ya iske maras lafiya



Zamanin Nasara likita a birni take. Talakan ƙauye ba ya isa gare ta sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Bayan samun mulkin kai a 1960, ma'aikatan lafiya na jihar Maraɗi da na rayar da karkara sunka shiga ƙauyuka, sunka zauna da mutane suna tambayar su abin da ke damunsu. Daga nan anka samo dabarar sekuris: gari shi zaɓi nasa, a hore shi ƴan kwanaki, a ba shi akwati da nibakin, maganin ido da na miki. Ungozomomi kuma anka koya masu wanke hannu da yanke cibi da tsabta. A 1975 ƙungiyar lafiya ta duniya ta buga labarin wannan aiki na Maraɗi cikin littafi, shekara 3 kafin babban taron Alma-Ata na 1978.

Amma aikin sa-kai ne, babu albashi. Inda manjo ya daina kai ziyara, gari kuma ya bar akwati wayam, sai aikin ya mutu.

A yunwar 2005, likitocin MSF sunka ga kwantar da kowane yaro mai tamowa yana raba uwa da gona da sauran ɗiyanta. Sai anka riƙa ba ta kwaɓin gyaɗa mai magani ta ciyar da shi gida, tana kawo shi awo kowane mako. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2013 Madarumfa tana cikin wuraren da anka fara raba ma yara maganin rigakafin masassara da damina.

Kun ga, duk gyaran da ya yi amfani, daga sauraron majinyaci ya taso, kuma bai ɗore ba sai inda gari ya sa hannu. To, in ma'aikacin likitar Gabi ya zo da sabuwar dabara, kada mu sage masa gwiwa. Dattawa su halarci taron kwamitin lafiya su faɗi kukan mata da yara. Na ci-rani su tuna da asusun ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, amin.