Motocin ƙirar hannu na Ingila: daga motar mai ƙaramin ƙarfi zuwa kayan ƙawar attajirai

Motocin shaƙatawa na ƙirar hannu ƙananan motoci ne masu kujeru biyu, marasa nauyi, galibi masu buɗaɗɗen rufi, waɗanda ma'aikata ke haɗawa ɗaya bayan ɗaya maimakon a jera su kan layin na'urori kamar yadda ake yi a masana'antun Toyota ko Peugeot. Ba a yi su don ɗaukar kaya ko iyali ba, an yi su ne don daɗin tuƙi. Ingila ce cibiyarsu, kuma ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi daɗewa a wannan sana'a shi ne Morgan, da ke garin Malvern a yammacin ƙasar.

Asalin Morgan

Henry Frederick Stanley Morgan ne ya ƙera motarsa ta farko a 1909. Tayoyi uku gare ta, biyu a gaba ɗaya a baya, da injin irin na babur. Wannan siffa tana da dalili na aljihu: hukumomin Birtaniya na wancan lokaci suna karɓar harajin abin hawa mai taya uku kusan daidai da na babur, don haka wanda ba shi da ƙarfin sayen cikakkiyar mota yana iya mallakar Morgan. Ma'ana, kamfanin da ake yi wa kallon na masu kuɗi a yau ya fara ne da motar mai ƙaramin ƙarfi.

Kasuwar ta fara juya masa baya lokacin da manyan kamfanoni suka fito da motoci masu taya huɗu masu araha, irin su Austin 7 a 1922 da wata ƙirar Ford da aka sayar fam 100 a 1935. Morgan ya mayar da martani a 1936 da motar 4/4, wato taya huɗu da silinda huɗu. An ci gaba da ƙera ta fiye da shekaru 80, in ban da ɗan katsewa lokacin yaƙin duniya na biyu da farkon shekarun 1950. A 1962 wata Morgan Plus 4 ta zo ta ɗaya a rukuninta a tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa, abin da magoya bayan kamfanin ke tinƙaho da shi har gobe.

Yadda ake ƙera su

Mutane da yawa suna cewa Morgan motar katako ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba haka take gaba ɗaya ba. Ƙashin bayan motar, wanda ke ɗauke da inji da tayoyi, ƙarfe ne tun asali, daga 2000 kuma aka fara komawa alminiyam. A kan wannan ne kafintoci ke kafa firam na itacen ash, wanda Faransawa ke kira frêne, sannan maƙera su lulluɓe shi da fallayen alminiyam da ake lanƙwasawa da bugawa har su zauna daidai. Duk wanda ya san tsofaffin manyan motoci masu bodin katako da suka yi jigilar gyaɗa da goro a Afirka ta Yamma zai gane tunanin, sai dai a nan katakon yana ɓoye ne a ƙarƙashin ƙarfe. An zaɓi wannan itace saboda ba shi da nauyi, yana da ƙarfi, kuma yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba.

Daga nan sai fenti, sai madinka su ja fata a kan kujeru da ƙofofi, kowace mota da launin da mai ita ya zaɓa. Duk wannan yana faruwa ne a masana'antar da ke titin Pickersleigh, inda kamfanin ya tare tun 1914, kuma abin da ke fitowa daga cikinta a shekara bai kai mota 1,000 ba. Babbar masana'antar zamani tana iya fitar da wannan adadi a rana ɗaya.

Inji kuwa Morgan ba ya ƙera nasa. A tsawon tarihinsa ya sayi injuna daga Ford, Triumph, Fiat da Rover, yanzu kuma motocinsa masu taya huɗu suna ɗauke da injin BMW na Jamus. Wannan dogaro shi ne raunin da ba a cika magana a kansa ba. Ranar da mai sayar da inji ya daina ƙera wani samfuri, ƙaramin kamfani dole ya sake fasalin motarsa, ya sake kai ta gwaji, da kuɗinsa.

Me ya sa farashin ya tashi?

A 1990 gidan talabijin na BBC ya kai tsohon shugaban kamfanin ICI, Sir John Harvey-Jones, masana'antar Morgan a cikin shirin Troubleshooter. Ya tarar da masu saye suna jiran shekaru kafin a ba su mota, ya ba da shawarar a sabunta aiki, a ƙara yawan motoci, a ɗaga farashi. Peter Morgan, ɗan wanda ya kafa kamfanin, da ɗansa Charles ba su karɓi shawarar ba, jama'a kuma suka goyi bayansu. Bayan shekaru 30, wani ɓangare na abin da baƙon ya faɗa ya tabbata, musamman batun farashi.

A watan Maris na 2019 kamfanin zuba jari na Investindustrial, mai tushe a Italiya, ya sayi mafi yawan hannun jarin Morgan, bayan shekaru 110 yana hannun iyali ɗaya. Sabuwar Plus Four ta fito a 2020 a kan fam dubu 63 ko kusa da haka. Super 3, jikanyar motar nan mai taya uku ta masu neman sauƙi, ta fito a 2022 a kan kusan fam dubu 42. Supersport ta 2025 ta haura fam dubu 100, wato fiye da sefa miliyan 70 tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan.

Albashin gwanayen ma'aikata yana daga cikin dalilai, amma babban dalilin lissafi ne. Kafin a ba mota izinin hawa titi a Turai sai an gwada hayaƙinta, ƙararta, birkinta da yadda take kare mutum idan an yi karo. Kamfanin da zai sayar da miliyan ɗaya yana raba kuɗin gwajin a kan miliyan ɗaya, wanda zai sayar da ɗari takwas kuwa a kan ɗari takwas zai raba. Ko manya ba su tsira ba: a 2024 Porsche ta janye yawancin samfuran 718 daga kasuwar Tarayyar Turai saboda sabuwar doka kan tsaron na'urorin kwamfuta na cikin mota. Ga kuma haraji. A Faransa, harajin hayaƙi da ake kira malus ya kai yuro dubu 70 a matakinsa na ƙoli a 2025, kusan sefa miliyan 46, kuma motocin fetur masu ƙarfi ne ya fi faɗawa.

Ga mai neman buɗaɗɗiyar mota mai kujeru biyu kawai, Mazda MX-5 ta Japan, wadda aka fara a 1989 aka kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya, ba ta kai rabin farashin Plus Four ba. Ta cinye kasuwar matsakaitan masu saye da irin su Morgan suka dogara da ita a da.

Waɗanda suka faɗi da waɗanda suka rage

TVR ta garin Blackpool ta daina ƙera motoci a 2006, kuma sabuwar Griffith da aka nuna wa duniya a 2017 ta shafe shekaru ba ta kai hannun masu saye ba. Kamfanin Bristol ya rushe a 2020. Caterham ya tsira, amma tun 2021 mallakar VT Holdings ne na Japan. Motarsa Seven ta samo asali ne daga Lotus Seven da Colin Chapman ya zana a 1957, Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Ita ce har yanzu hanya mafi sauƙi ta shiga wannan duniya, domin a Birtaniya ana iya sayen wasu samfuranta a warware cikin akwatuna, mutum ya haɗa abinsa a garejin gida, sannan ya kai hukuma ta duba.

Batun lantarki

Dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2023 ta tsayar da 2035 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi, amma ta keɓe kamfanonin da ke sayar da ƙasa da mota 1,000 a shekara. Wannan ya ba irin su Morgan damar numfasawa a takarda. Matsalar ita ce izinin amfani da injin fetur bai da amfani idan manyan kamfanonin da ke ƙera injin sun rufe layinsa.

Komawa lantarki kuma yana cin karo da abin da ya sa ake son waɗannan motoci, wato rashin nauyi. Caterham Seven 170, mai ɗan injin Suzuki, kilo 440 ce kacal, alhali batirin wasu motocin lantarki shi kaɗai ya kai haka. Morgan ya nuna EV3 mai taya uku a Geneva a 2016, ya soke ta a 2018, sannan ya fito da motar gwaji XP-1 a 2023 wadda ba ta sayarwa ba ce.

Hanyar da kamfanin ya fi karkata a kai a yanzu ita ce neman masu saye masu zurfin aljihu. Wata dokar Amurka ta 2015 ta ba ƙananan kamfanoni damar sayar da motoci har 325 a shekara masu siffar tsofaffin ƙira, kuma ta wannan ƙofa Plus Four ta shiga kasuwar ƙasar. A 2024 Morgan ya haɗa kai da gidan zanen motoci na Pininfarina na Italiya suka fitar da Midsummer, guda 50 kacal, kuma an saye su duka tun kafin a nuna motar a bainar jama'a.